Akwatin da Ba Ya Karɓar Baƙo

Ranar Litinin da hantsi ƙanin mijina ya faɗo ɗakin netwok da jaka a kafaɗa da sukuddireba a bayan kunne, ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Yaya, share hawayenki. Kafin azahar za ki ga aiki."

Ni kuwa ba kuka nake ba, shara nake yi.

Ga yadda abin yake. Mijina, Allah ya ji ƙansa, shi ya ja intanet a ginin nan mai hawa uku, shekara tara ke nan, kuma duk shaguna da ofisoshin ciki a wajenmu suke sha. A ƙarƙashin matakala akwai wani ɗan ɗaki da ko tabarma biyu ba zai ci ba. A nan kabad ɗin ƙarfe yake, mai ƙofar gilashi, a cikinsa kuma akwai akwatin da ke raba wa kowane hawa rabonsa. Marigayi suwic yake ce masa, ni akwati nake cewa. A gaban akwatin akwai ramuka, kowane rami da ɗan ƙarfensa mai tsawon yatsa, ana kiransa modul. Ta cikin modul ɗin ne wayar faiba ke ɗaukar intanet ta kai inda za ta kai. Hawa uku, modul uku. Idan 'yar fitilar da ke saman rami ta yi kore, lafiya lau. Idan ta yi ruwan goro, a nemi mai gyara. Iyakar karatuna ke nan a harkar, kuma da shi na riƙe wurin wata biyar bayan rasuwarsa, ina ciyar da 'ya'ya uku.

Sai ran Asabar modul ɗin hawa na uku ya mutu. Na kira kamfanin da ya ƙera akwatin, suka ce nasu sai nan da mako uku, farashin da suka faɗa kuwa sai da na laluba kujera. Na ce to ba wani iri? Suka ce akwatinsu ba ya karɓar na kowa sai nasu.

A hawa na ukun nan Lauya yake, shi ne kuma shugaban masu haya. Ya sauko da kansa ya ce, "Maman yara, muna tausayinki, amma tausayi ba ya aika takarda kotu. Ran Alhamis ƙarfe goma akwai taro. In intanet bai dawo ba, akwai wani kamfani da ya daɗe yana mana zarya, za mu miƙa masa ginin."

Wannan labarin ne ya kai kunnen ƙanin mijina. Sunan da kowa ya san shi da shi Ba Matsala, don ko gobara ka gaya masa abin da zai ce ke nan. Shi ne ya gyara fankar surukarsa ta koma zuƙe iskar ɗaki. Sau biyu ya taɓa riƙe wa wansa tsani, tun daga nan in yana hira sai ya ce, "Lokacin da muka ja faibar ginin nan."

Ya zazzage jakar a kan benci. Modul sha biyu, sababbi fil, suna ƙyalli.

"Kin gani? Duka sha biyun nan ba su kai kuɗin kwalin na kamfani ba. Yaya, kamfanonin nan ku suke ci, marasa ilimin fasaha. Ni da zan sa wa hawa na uku ɗaya, sauran sha ɗayan kuma mu ja wa gine-ginen layin nan kaf. Nan da baɗi sai kin nemi izini kafin ki ga fuskata."

"Sun ce akwatin ba ya karɓar baƙo."

"Bai ga mai kawo baƙon ba ne."

Kafin ya gama naɗe hannun riga 'yan kallo sun zo. Tela ta sauko daga hawa na biyu da tef a wuya, mace ce da bakinta ya fi almakashinta kaifi. Mai Kemis, wanda shagonsa ke ƙasa dab da mu, ya jingina da ƙofa yana goge tabarau.

Ba Matsala ya zare mataccen modul, ya hura ramin, ya ɗaga sabon sama kowa ya gani, ya tura shi ciki har ya ce ƙas. Ya juya wa akwatin baya ya buɗe hannuwa yana jiran tafi.

Fitila ta yi ruwan goro.

Tsohuwar kwamfutar marigayi da ke haɗe da akwatin ta fito da layi ɗaya na Turanci. Mai Kemis ya sa tabarau ya leƙa.

"Ya ce bai san shi ba."

"Wa bai san wa ba?"

"Akwatin. Ya ce bai san modul ɗinka ba."

Tela ta ce, "To ka gabatar da su mana, Injiniya, su gaisa."

"Ba matsala," in ji shi. Ya zare ya sa na biyu. Bai san shi ba. Na uku. Bai san shi ba. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, Mai Kemis na karantawa, Tela na amsa amshi, har aka kai na sha biyu. Azahar ta yi ta wuce.

"Wannan akwati ya fi mai gadin banki," in ji Tela. "Ko wanda ya zo da ɗan'uwansa bai bari ba."

Ba Matsala ya zauna a kan bokitin sharata ya ɗauki mataccen a hannun dama, sabo a hannun hagu, yana juya su. Can sai ya zabura, har bokitin ya kife.

"Na gano! Kaya ne! Ku duba, tsohon yana da tambarin kamfani manne a bayansa. Soja in ba kaki, wa zai bar shi ya shiga bariki? Tela, ara mini reza."

Ya kankare takardar tambarin a hankali, harshe a waje, ya shafa mata gam, ya manna a bayan sabon.

Na ce, "Ƙanina, akwatin nan ido gare shi?"

"Yaya, aji nawa kika yi a makaranta?"

"Shida. Amma ramin nan duhu ne, ko ni aka tura ciki ba zan iya karatu ba."

Ya dube ni, ya ce, "Wannan magana ce." Ya kunna tocilar wayarsa ya haska bakin ramin, sannan ya tura modul ɗin sannu a hankali, don akwatin ya samu ya karanta.

Mai Kemis ya sulale ƙasa yana riƙe da ciki don dariya. Tela ta cusa tef a baki. Fitila kuwa ruwan goro, ko gezau.

Da ya zo zarewa sai modul ya ce ba inda za shi. Gam ya kama. Ya ja da yatsa, ya ja da filaya, ya kafa ƙafa ɗaya a jikin kabad ya ja da ƙarfin Allah. Modul ya fito, shi kuma ya tafi da baya ya zauna daɓas a cikin sharar da na tara. Tambarin ya maƙale a can cikin ramin. Sauran yinin da allurar Tela ya ƙare shi, yana tsinto takarda guntu-guntu kamar mai cire ƙaya.

"Yau gwaji ne," ya ce da zai tafi. "Gobe aiki."

Ran Talata ya zo da faranti da wuƙar yanka albasa.

"Jiya na kwana da abin a raina. Sirrin ba a kaya yake ba, a ciki yake. Zan ɗauki mai lafiya in buɗe shi in ga abin da yake da shi wanda nawa ba su da shi. Minti biyar."

"Wane mai lafiyar?"

Kafin in rufe baki ya zare na hawa na biyu.

Na ce ya mayar. Ya ce likita ba ya sanin ciwo sai ya san lafiya. Ya ɗora modul a faranti ya sa masa wuƙa a haƙarƙari ya ɓamɓare. Murfin ya yi tsalle ya bugi silin. Wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, har yau ban sake ganinsa ba. A cikin kuwa wani ɗan koren allo ne da ɗige-ɗige ƙanana kamar ƙwan tururuwa. Ya buɗe ɗaya daga cikin nasa ya ajiye kusa da shi. Ya dubi wannan ya dubi wancan.

"Iri ɗaya ne," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"To mayar."

"Ba matsala."

Murfi ya ƙi zama. Ya ɗaure shi da zare, ya ƙi shiga rami. Ya cire zaren ya danna da ƙarfi, muka ji wani ɗan ƙaras a ciki. Fitilar ma ba ta yi ruwan goro ba, ɗif ta yi.

Sai ga Tela a guje, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Waye ya kashe ni? Amarya tana tsakar turo mini hoton ɗinkin da take so, ya tsaya a wuya! Wuya kawai na gani! In ɗinka mata wuya ta sa ran biki?"

Mai Kemis ya leƙo yana dariya. "Ke da jiya kika fi kowa ƙyaƙyatawa?"

"Kai ma ka jira, layi ne." Ta juya kan Ba Matsala. "Kai, ɗan nan, garin neman gira ka tsone mini ido. Jiya hawa ɗaya, yau biyu. Gobe sai ka rushe matakalar mu huta."

"Anti Tela, a harkar injiniyanci sai abu ya lalace yake gyaruwa."

"Ashe kai ma ka kusa gyaruwa."

Lauya ya tsaya a saman matakala da jakarsa. Agogonsa kawai ya duba, ya ɗaga mini yatsa biyu, wato saura kwana biyu.

Ran Laraba na yi sammako da niyyar hana shi shiga, sai na tarar ya riga ni, ya karɓi mabuɗi wajen mai gadi ya ce ni na aiko shi. Yana zaune gaban kwamfutar marigayi, fuska sai walƙiya.

"Yaya, na kalli bidiyo uku. Laifin ba na modul ba ne. Akwatin ne ƙwaƙwalwarsa ta tsufa, shi ya sa ba ya gane 'yan zamani. Afdet zan yi masa, in sabunta masa ƙwaƙwalwa, ya waye."

Na matsa kusa da kabad. A saman akwatin akwai wani farin salatif da marigayi ya manna tun ina goyon autana, da rubutunsa mai kwanciya gefe guda. Kullum in na zo goge ƙura sai in kewaye shi, don kar ya goge. Na nuna masa. "Karanta."

Ya karanta da ƙarfi: "Kada a yi afdet." Ya girgiza kai. "Allah ya ji ƙan Yaya, mutumin kirki ne, amma tsoro ya yi masa yawa. Da ya saurare ni da tuni muna da jirgi."

"Kar ka taɓa."

"Ai na riga na taɓa. Kin ga layin nan da ke tafiya? Saura kaɗan."

Layin ya cika. Akwatin ya mutu, ya tashi, fankokinsa suka yi gurnani kamar injin niƙa, fitilu duka suka kama kore lokaci guda. Ba Matsala ya yi tsalle ya fita tsakar gini yana ihu, "Ku fito! Ku fito ku ga ilimi!" Ya rungume mai gadi. Ya yi juyi biyu da sukuddireba a sama.

Yana cikin juyi na uku fitilun suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ta hawan ƙasa, wadda ita kaɗai ta rage mana, ta yi ƙifta-ƙifta ta koma ruwan goro.

Mai Kemis ya fito da takardar odar magani a hannu, ba dariya. Bai jira an ce ya karanta ba, ya leƙa kwamfutar.

"Ya ce bai san shi ba."

"Wanne? Ai ban sa sabo ba."

"Tsohon. Wanda suka yi shekara da shekaru tare. Yanzu shi ma ya ce bai san shi ba."

Daga sama Tela ta rangaɗa guɗa. "Barka da shigowa, Mai Kemis! Ka ga wayewa, ko? Akwati ya yi boko ya manta danginsa!"

Ban tsaya jin sauran ba. Na ɗauki ledar da modul ɗin suka zo a ciki, akwai adireshin shago a jiki, na zare na hawan ƙasa na haɗa da biyu cikin sababbin, na hau mota.

Shagon ɗan ƙarami ne a layin masu kayan waya. Mai shi wata mace ce gajera mai tabarau a goshi, ana ce mata Mai Modul. Tana ganin tsohon ta juya shi ta ce, "Wannan ai nawa ne. Ke ce matar mai intanet ɗin hawa uku? Allah ya ji ƙansa. Shi kullum lambar akwatinsa a rubuce take a tafin hannunsa in ya zo."

Na ce, "Naki? Ba na kamfani ba ne?"

"'Yar'uwa, zauna." Ta turo mini kujera. "Ƙarfen duk kusan ɗaya ne. Amma kowane modul akwai ɗan rubutu a cikinsa. In aka tura shi, akwatin sai ya tambaye shi, kai na waye? In bai faɗi sunan gidansu ba, a rufe masa ƙofa, don dole ki koma wajensu ki saya. Ni kuma ina da 'yar na'urar da nake rubuta wa nawa amsar da akwatin yake son ji. Tambarin baya ma ni nake mannawa, don kar su cakuɗe mini. Haka mijinki ya yi ta yi. Shi ya sa ba ya afdet, don in an yi sai kamfani ya sauya tambayar."

"An yi yau da safe."

Ta sauke tabarau. "Waye?"

"Wani mai sukuddireba a kunne."

"Shi! Sau uku ina tambayarsa wane irin akwati ne in rubuta musu, ya ce in tsaya a matsayina na mai sayarwa, in bar injiniyanci ga injiniyoyi." Ta yi tsaki. "To yanzu sai na nemo sabuwar amsa wajen masu kawo mini kaya. In ta samu gobe zan zo. Amma ban yi miki alkawarin ƙarfe goma ba."

Ran Alhamis na iso tara da rabi da 'yar jakata, na riga na shirya abin da zan gaya wa yara in an kore mu. Sai na tarar an jera kujeru a gindin matakala, an ɗaura jan ƙyalle a ƙofar ɗakin netwok. Ba Matsala na tsaye cikin farar shadda, an goge takalmi.

"Yaya, an gama."

"Me aka gama?"

"Duba wayarki."

Na duba. Ga sunan waifai ɗinmu nan, ya kama. Na leƙa ta gilashin kabad, fitilu uku, kore, ko da yake wani irin kore ne mai duhu kamar ruwan kwata. Na kai hannu zan buɗe, ya tare. "Kar ki taɓa, yana hutawa."

Wallahi sai da idona ya ciko. Na ce a raina ashe na zalunci yaron nan.

Mutane suka hallara. Lauya a gaba. Kusa da shi wani mai kwat daga kamfanin da ke zarya, da takardu a cinya. Ba Matsala ya karɓi almakashin Tela ya yi gyaran murya.

"Jama'a, kwana uku ban ci ba ban sha ba. Kamfanin da ya ƙera akwatin nan yana da injiniya dubu. Ni ɗaya na kayar da su. Sun ce akwatinsu ba ya karɓar baƙo, yau ga shi yana shimfiɗa wa baƙo tabarma. Ba na son yabo. Amma duk mai son hoto da ni, bayan taro."

Ya datse ƙyalle. Lauya ya ciro waya ya aika wata takarda, ta tafi. Ya ɗaga gira. Tela ta ce, "Ga sauran rigar amarya ta sauko!" Aka ɗau tafi. Mai kwat ya fara tattara takardunsa.

Sai kowa ya ciro waya. Mutum talatin da wani abu, kowa da yunwar intanet. Wannan na buɗe bidiyo, wancan na sauke hotuna. Abu ya fara jan ƙafa. Mai Kemis ya ce, "Yana juyawa fa." Ba Matsala ya ce, "Yana ɗumama jiki ne." Gumi ya fara keto masa ta wuyan shadda.

Wani daga baya ya ce, "Me ya sa in na hau matakala uku sai ya ɗauke?"

"Sai a hankali yake hawa. Sabo ne."

Nan take kabad ɗin ya yi magana.

Murya ce ta fito daga cikinsa, da kiɗa a ƙasa: "Injiniya, ɗauki waya, manya na kira! Injiniya, ɗauki waya, manya na kira!" Muryar Ba Matsala ce, wadda ya naɗa da kansa ya sa a wayarsa, duk ginin an san ta.

Kowa ya juya ya dubi kabad. Kabad ya ci gaba da kirari.

Tela ta ce, "Injiniya, akwati na kiranka."

"Sabon tsari ne. Afdet ɗin ne ya zo da shi."

Lauya ya miƙe ya miƙa hannu. "Mabuɗi."

Aka buɗe. A bayan akwatin ga wayar Ba Matsala an ɗaure da roba, an jona ta da caji, ta yi zafi har Lauya sai da ya sa hankici. Ashe datar wayarsa ya buɗe, ya raɗa mata sunan waifai ɗinmu da lambar sirrinmu. A kan fitilun kuwa koren ledar alawa ce ya yanka ya manna. Ɗaya ta saki ta faɗo, ruwan goro ya leƙo.

Waya na ta kira. Lauya ya duba ya ce, "An rubuta Madam." Ya danna ya buɗe murya, sai ga muryar matar Ba Matsala.

"Wai ka gama rufa musu idon? Ka dawo mini da cajata, kuma datar da ka kwasa a layina ta ƙare, yanzu saƙo ya shigo!"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mai gadi ya kwanta a ƙasa. Mai Kemis ya rasa tabaransa. Ba Matsala ya buɗe baki, kowa ya san abin da zai faɗa, sai jama'a suka riga shi baki ɗaya: "Ba matsala!"

Ni ban yi dariya ba, don na ga mai kwat ya miƙe yana gyara wuya.

Ya ce su za su kawo akwatinsu sabo, kyauta. Sharaɗi kaɗan ne: yarjejeniyar shekara biyar, modul nasu, waya tasu, mai gyara nasu, kuma ba wanda zai buɗe kabad sai su.

Tela ta ce, "In ya lalace fa, ɗan'uwa?"

"Sai ku kira mu."

"In ba ku zo ba?"

"Sai ku sake kira."

Mai Kemis ya ce, "Gudun gara ke nan, a faɗa gidan zago." Amma duk da haka hannunsa ya fara tashi da Lauya ya ce masu son sabon kamfani su ɗaga hannu, don mutum da odar magani ba ya cin karin magana. Na ƙirga hannuwa har goma sha ɗaya, na daina.

"Ina matar mai intanet ɗin hawa uku?"

Mai Modul ce, tana haki, tabarau a goshi, da wata 'yar na'ura a hannu kamar sabulun wanka. Na ce wa Lauya, "Ranka ya daɗe, shekara tara mijina bai taɓa barinku a duhu ba. Ina roƙon minti goma." Ya duba agogo ya ce, "Goma."

Ba Matsala ya matso. "Yawwa, ga yarinyata ta iso, dama ni na ce ta..."

"Matsa can, Injiniya," in ji ta. "Yau mai sayarwa za ta ɗan taɓa."

Ta ɗauki ɗaya cikin sababbin ta tura a na'urar, ta danna wayarta sau uku, ta zare ta miƙo mini. "Ke za ki sa, ɗakinki ne." Na ɓare ledar alawa na tura shi ramin hawan ƙasa, na maƙala faiba. Ruwan goro. Ruwan goro. Sai kore, kore tas irin wanda na sani. Na biyu, kore. Na uku ya yi gardama, ta leƙa ramin ta ce akwai sauran gam, Tela ta zare allura daga ɗankwali ta sakato shi. Kore.

Lauya bai yarda ba sai da ya kashe wayar Ba Matsala ya sa a aljihunsa, ya hau har ofishinsa ya gwada. Ya leƙo daga sama ya ce, "Ya zo." Mai kwat ya bar mana katinsa a kan kujera, Tela ta ɗauka ta ce zai yi mata amfani wajen naɗe zare.

A nan take Lauya ya rubuta sabuwar yarjejeniya ta shekara biyu da sunana. Ya ce akwai sharaɗi ɗaya, kuma sai an rubuta shi. Ya dubi Ba Matsala. "Mene ne cikakken sunanka?"

Ya faɗa, har da Injiniya a gaba. Lauya ya rubuta sunan ya bar Injiniyan, ya karanta wa kowa: mai wannan suna ba zai shiga ɗakin netwok ba, ba zai taɓa kabad ba, ba zai tsaya kusa da shi da abin da ya gaza taku biyar ba. Aka sa hannu, ni ma na sa.

Ba Matsala ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa. Na ɗauka fushi zai yi. Sai ya ɗago ya ce, "Ranka ya daɗe, a buga mini kwafi ɗaya, mai kala."

Yanzu haka tana rataye a falonsa cikin firam. Duk baƙon da ya shiga sai ya kai shi gabanta ya ɗora yatsa a kan layin, ya ce, "Ka gani? Gini mai hawa uku, injiniyan da lauya ya ambata da suna a yarjejeniya ni kaɗai ne."